Shafukan Ƙarshen Furojet: Yadda Za Ki Adana Manazarta Tun Daga Wayarki

Idan kina karatun NCE ko digiri kina kuma renon yara, ko kuwa 'yarki ce ta kai shekarar ƙarshe a makaranta, kin san ba babi na ɗaya zuwa na biyar kaɗai ke hana ɗaliba barci ba. Akwai shafuka biyu ko uku a can ƙarshen kundi inda ake jera manazarta, wato sunayen littattafai da maƙalun da aka ɗebo bayani daga cikinsu. Su ake bari sai daren ƙarshe, kuma su ne malami mai duba aiki yakan fara bi da jan biro. Ya ga an ambaci marubuci a babi na biyu, ya duba ƙarshe bai gan shi ba. Ya ga an rubuta 2014 a ciki, a ƙarshe kuma 2017. Sai ya maido da kundin.

Ga wadda take cikin birnin Sakkwato, wannan ɓacin ran yini ɗaya ne. Ga wadda take Fakku ko Kuchi ko wani gari a ƙaramar hukumar Kebbe, lissafin ya bambanta. Akwai kuɗin mota zuwa Tambuwal, daga can a kama hanyar Sakkwato ko Aliero. Akwai neman wadda za a bar wa yara, da kuɗin sake bugawa a shagon kwamfuta. Wani lokaci duk wannan ɗawainiyar a kan abu guda ce: littafin yana ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, an karanta shi wata shida da suka wuce, ba a rubuta sunan maɗaba'a da lambar shafi ba. Mafi muni shi ne a bar maganar wani a cikin kundi ba tare da an faɗi mai ita ba. Wannan makarantu suna ɗaukarsa satar fasaha, ko da mantuwa ce ta jawo.

Yawancinmu dabararmu ɗaya ce: a ɗauki hoton bangon littafi, ko a tura wa kai adireshin maƙala ta WhatsApp. To amma wayar uwa ba tata ba ce ita kaɗai. Yaro ya karɓa ya yi wasa, wuri ya cika da bidiyon biki, a goge hotuna don a samu sarari, sai a haɗa da shafin da ake bukata. Ko wayar ta faɗa bokitin wanki.

Akwai manhaja da aka yi domin wannan matsalar, sunanta Zotero. An fara fitar da ita a 2006 daga Jami'ar George Mason da ke Amurka, yanzu kuma wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke kula da ita. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya ce: an bar tsarin da aka gina ta da shi a fili, kowa yana iya dubawa ko ya gyara. Amfanin hakan gare ki shi ne ba a ɗaure bayananki a hannun kamfani ɗaya ba, kina iya kwashe su duk lokacin da kika so. Akwai wasu irinta. EndNote ta kuɗi ce. Mendeley ana amfani da ita kyauta, amma tun 2013 mallakin kamfanin Elsevier ce. Ga uwar da ke ƙirga kuɗin data da na makarantar yara, Zotero ta fi dacewa.

Aikinta kamar na littafin adashi ne, sai dai maimakon sunayen masu zubi, littattafai take riƙewa. Ki sauke ta a waya, akwai ta Android da ta iPhone, ki buɗe asusu da imel ɗinki. Duk littafin da kika ɗauka, ki duba bayansa ki ga lambar nan mai suna ISBN. Maƙalun mujallun ilimi kuma da yawa suna da tasu lambar, DOI, wadda take farawa da 10. Ki shigar da lambar, in akwai sabis, manhajar za ta nemo sunan marubuci da shekara da maɗaba'a ta cike da kanta. Sai ki ƙara 'yar takardar tunatarwa a ƙarƙashinsa: abin da ya faɗa, a wane shafi, kuma shin kalmominsa ne kika kwafa ko da bakinki kika sake faɗa. Wannan bambancin na ƙarshe kada ki yi masa kasala, domin bayan wata uku ba za ki tuna ba. Da zarar wayar ta samu sabis, komai zai hau asusunki na intanet. Bayanan manazarta da rubutun tunatarwa ba su da iyaka, amma fayilolin PDF an ba ki megabait 300 ne kyauta, don haka ba kowane littafi za ki loda ba.

Inda aikin ya fi bukatar hannunki shi ne madogaranmu na gida. Mai bincike a kan tarbiyyar yara a Kebbe ko kiwon lafiyar mata masu ciki a Tambuwal ba maƙalun Turai kaɗai za ta yi amfani da su ba. Akwai kundin digiri na wani da ke ajiye a sashe, da littafin Hausa da aka buga a Kano ko Zariya ba tare da lambar ISBN ba, da rubutun ajami, da shirin rediyo, da hirar da kika yi da ungozoma. Ba za a samo waɗannan da lamba ba, da hannu ake shigar da su, kuma Zotero ta tanadi nau'i ga kowanne: kundi, rubutun hannu, hira, shirin rediyo. Hira ki rubuta ranarta da garin da aka yi ta tun kafin ki tashi daga tabarmar. Ki kuma tambayi malaminki ko zai so a sa ta a jerin ƙarshe, domin a salon APA hirar da ba a adana ta inda wani zai iya samu ba ana ambatonta ne a cikin rubutu kawai.

Sunaye ma sai an kula. An gina manhajar a kan tsarin sunan dangi da sunan yanka, mu kuwa sau da yawa sunan gari ne a ƙarshe, ko "ɗan" da "'yar" a tsakiya. Idan kika bar ta, za ta iya mayar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya zama "Fodiyo, A. Ɗ.", ko ta ɗauki sarauta a matsayin suna. Akwai maɓalli kusa da gurbin marubuci da ke haɗe gurabun biyu su zama ɗaya, sunan ya fito yadda kika rubuta shi. Haka za ki yi wa sunan ma'aikata ko hukuma. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna zama lafiya idan kin buga su daidai. Sannan a gurbin harshe ki rubuta "ha" ga duk littafin Hausa, don kada ta yi wa takensa manyan haruffa irin na Turanci.

Tunda an ambaci Abdullahi ɗan Fodiyo: shi kansa ya rubuta littafi, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Faɗin inda aka samo magana tsohuwar ɗabi'ar malaman ƙasar nan ce, tun kafin a san wani abu wai shi APA.

Sai ki san iyakar waya. Tara manazarta da karanta su ana yi a waya, amma saka su kai tsaye cikin rubutu aikin kwamfuta ne, ta Word ko LibreOffice ko Google Docs. A can ne za ki danna, ki zaɓi littafi, ambaton ya shiga, jerin ƙarshe kuma ya gina kansa bisa tsarin haruffa. Idan malami ya ce a koma daga APA bugu na 6 zuwa na 7, ko zuwa MLA, dannawa ɗaya ce, domin akwai salo fiye da 10,000 a ciki. Wadda ba ta da kwamfuta tana iya shiga asusunta a zotero.org daga shagon buga takardu, ta zaɓi manazartanta, ta fitar da jerin ta manna a ƙarshen kundi. Ta tabbatar ta fita daga asusun kafin ta tashi. Ga ƙaramin aikin gida kuwa akwai zbib.org, na mutanen Zotero ne, ba ya bukatar asusu, sai dai a burauzar wayar yake ajiye jerin, in aka share ta ya tafi.

Abu ɗaya da manhajar ba za ta yi miki ba shi ne tantance gaskiya. Abin da kika ba ta shi take jerawa. Yanzu ɗalibai suna tambayar ChatGPT da ire-irensa su ba su manazarta, kuma an san waɗannan manhajojin suna ƙirƙiro sunan marubuci da taken maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Idan 'yarki ce ke rubutun, ki karɓi jerin, ki zaɓi uku ki ce ta nuna miki su a buɗe, ta kuma faɗa miki abin da kowanne ya ce. Ba sai kin iya fannin ba za ki gane wanda ta karanta.

Ranar kai kundi wurin mai bugawa, a ajiye kwafi biyu. Ɗaya ki bar shi haɗe da Zotero domin gyaran da malami zai iya nema. Ɗayan a cire masa haɗin, akwai maɓallinsa a cikin Word, ya koma rubutu zalla, shi za ki ba mai shago. Ki tura wa kanki duka biyun ta imel kafin filashin ya bar hannunki.