Kafin a Garƙame Maka Shago: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da Masu Karɓar Haraji

Da zarar kaka ta kama, masara da waken suya sun fara sauka a kasuwannin Dandume da Bakori da Sheme, kuɗi ya shiga hannun mutane, to masu bin bashi ma lokacinsu ya yi. Mai taki zai zo, mai maganin feshi zai zo, wanda ya ba da rance da bazara zai zo. A bayansu kuma sai ga ma'aikatan tara kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, littafin rasit a hammata, wani sa'in har da sarƙa da kwaɗo ɗaure a bayan babur.

Bara waccan kawuna, mai shagon hatsi a wani gari na yankin nan, ya kira ni da sassafe ranar kasuwa. "Ɗan nan, zo ka ga ikon Allah. Sun garƙame mini shago, wai shekara uku ban biya ba." Na san Kawu ba ya wasa da haƙƙin kowa. Da na isa na ce, "Kawu, ina rasit ɗin da suke ba ku?" Ya dube ni sheƙeƙe. "Rasit kuma? Ai yaron da ke zuwa ɗan mutunci ne, hannu da hannu muke yi, har ragi yake yi mini." Yaron nan tuni an sauya masa wurin aiki. A littafin ofis kuwa, gaban sunan Kawu babu ko sisi. Sai da ya sake biyan kuɗin shekara ukun nan cif, ga asarar cinikin ranar kasuwa, ga kunyar da ya sha a idon maƙwabta.

Tsoron mai haraji gadonsa muka yi. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, Gwamna Lugga ya tattara kuɗin ƙasa da sauran abubuwan da sarakuna ke karɓa ya mai da su haraji guda a dokar 1906. En'e ke tarawa: hakimi ya aza wa dagaci, dagaci ya aza wa mai unguwa, mai unguwa ya bi gida-gida. Har yau in ka zauna da tsofaffi a Maska ko Kafur za su ba ka labarin magidancin da aka shanya a rana, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya tafi cin rani ba don komai ba sai don ya haɗo kuɗin haraji, da Bafillacen da ke kora shanunsa cikin daji in ya ji malamin jangali ya doso. Wannan azaba na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙi da shi. A 1979 Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikinta, don sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina.

Daga nan ne maganar da har gobe ake ji a majalisa ta samo asali: "Ai an soke haraji tun zamanin Balarabe." Harajin kai aka soke, wanda ake aza wa kowane baligi ko yana da abin yi ko ba ya da shi. Kuɗin rumfa da na shago suna nan daram. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata, da ba da lasin na keke da amalanke da baro, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da ƙiyasta kuɗin da za a biya a kan gidaje gwargwadon abin da Majalisar Dokokin jiha ta tsara. Saboda haka in an ce ana bin ka kuɗin shago, mai yiwuwa bashin na gaske ne, kuma ɓuya a bayan buhuna ba ya rage shi.

Amma bashi na gaske bai ba kowa lasin yin abin da ya ga dama ba. Mutum biyu ne ke iya tsayawa a ƙofarka, mu kuwa mun saba haɗa su a kwando ɗaya. Na farko shi ne ma'aikacin kuɗin shiga. Aikinsa ya kawo maka takardar neman biya, ya karɓa, ya yanka maka rasit. Na biyu shi ne ma'aikacin kotu mai zartar da hukunci, wanda mutane ke kira masinjan kotu, lauyoyi kuma su ce belif. Wannan ba ya zuwa sai an kai ƙara, an aiko maka da sammaci, alƙali ya yanke hukunci, an kuma sa hannu a takardar izinin kama kaya. In wani ya zo ɗaukar buhunka ko keken ɗinkinka, tambayar farko ita ce: wace kotu ce ta aiko ka, ina takardar? Ka karanta, ko ka kira wanda zai karanta maka. Ka duba sunanka, da sunan kotun, da adadin kuɗin, da hatimi. Ka nemi katin shaidar aikinsa. Wayar da ke aljihunka ta ɗauki hoton duka. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ka ga ya fara kumfar baki don an ce ya nuna takarda, to akwai lauje cikin naɗi.

Ko gwamnati ba a yarda ta ɗauki doka a hannunta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Jihar Legas kaca-kaca saboda ta fitar da Ojukwu daga wani gida da ƙarfin tuwo alhali magana tana gaban kotu. In gwamna da sojojinsa sun sha wannan faɗa, ina ga yaron da aka ba littafin rasit da babur? Sai dai a lura da abu ɗaya: in rumfar da kake ciki ta ƙaramar hukuma ce, kai ɗan haya ne, kuma takardar da aka ba ka rumfar da ita tana iya ƙunsar sharaɗin karɓe ta in ka daina biya. Ka nemo takardar nan ka san abin da ke cikinta tun kafin ranar rigima.

Shi kansa masinjan kotu yana da iyaka. Dokar zartar da hukuncin kotu, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta, sun hana kama kaya ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati, ko kafin ƙarfe 6 na safe, ko bayan ƙarfe 6 na yamma, sai in alƙali ya rubuta izini na musamman. Kayan da aka kama ba a yin gwanjonsu sai bayan kwana 5, in ba masu saurin lalacewa ba ne irin su tumatir. Kwanakin nan biyar su ne damarka ta biya ko ta garzaya kotu. Ba a taɓa gida ko gona sai an nuna cewa kayan ɗauka ba su isa biyan bashin ba, kuma wannan ma sai da izinin Babbar Kotu. Dokar ta ma keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a, amma fa iyakar darajar naira 10, kuɗin da yau ko ledar ruwa ba zai saya ba. Wannan kam abin kunya ne ga 'yan majalisarmu da suka bar shi haka shekara da shekaru.

Ga wani wuri da ya fi shafar mutanenmu. Kayan wanda ake bi bashi kaɗai ake kamawa. Gado da katifa da kwanukan da iyayen matarka suka yi mata kayan ɗaki nata ne, a shari'ar Musulunci da ta boko duka. Haka buhunan da manomi daga Danja ya ba ka ajiya yana jiran farashi ya tashi, haka injin niƙan da ka karɓo haya. In an haɗa da irin waɗannan, mai kayan ya hanzarta kai wa kotu da'awarsa a rubuce, da shaidu, kafin a yi gwanjo. Shi ya sa ya kamata duk mai karɓar ajiyar hatsi ya riƙa rubuta sunan mai kaya da yawan buhuna da kwanan wata a littafi. Ranar da aka zo kwashe shago, "wallahi ba nawa ba ne" ba ya hana a loda mota.

Sau da yawa kuma akan zo da ɗan sanda don a tsorata mutum. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ba a tafiya da ɗanka ko yaron shagonka don ba a same ka ba. Kada dai wannan ya ruɗe ka: ƙin biyan kuɗin da doka ta aza yana iya zama laifin da za a gurfanar da kai a kansa. In sammaci ya zo, ka je. Da yawa daga cikin waɗanda aka kwashe wa kaya ba su taɓa taka kotun ba, an yi hukunci a bayan idonsu. Wanda ya je yana iya musanta adadin, ya nuna rasit, ko ya roƙi alƙali ya yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Kuma komai zafin rai, kada ka ɗaga wa ma'aikaci hannu, kada ka fasa kwaɗon da aka sa. Bashin 'yan dubbai sai ya koma shari'ar duka da hana ma'aikacin gwamnati aikinsa, ka kwana a inda ba ka shirya ba.

Direbobin da ke ɗauko hatsi su bi ta Funtuwa zuwa Zariya ko Gusau sun san wata masifar: igiya ko katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi, da matasa riƙe da tikiti kala-kala. Doka mai lamba 21 ta 1998, wadda ta rarraba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi irin harajin da kowa zai karɓa, ta ce ƙarara ba wanda zai tare hanya don karɓar haraji, ko da hukumar harajin ce da kanta, ta kuma yanka tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3. Kowa ya san ba a daina ba. Kuɗin nan kuwa daga jikin manomi yake fita, don ɗan kasuwa sai ya cire shi daga farashin buhu.

Ni a ganina ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa suna da nasu nauyin. Manomin da ke wasu ƙauyukan Faskari ko Sabuwa, wanda sai da ya biya 'yan bindiga kafin su bar shi ya girbe gonarsa, bai cancanci a tare shi da sarƙa a bakin kasuwa ba. A liƙa jerin kuɗaɗen da adadinsu da Hausa a ƙofar kowace kasuwa, a daina ba 'yan kamasho kwangilar karɓa, a kuma nuna wa mutane magudanar ruwa ko ban-ɗakin da aka gina da kuɗinsu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, talaka na da bakin tambayar inda kuɗi ke tafiya.

In an zalunce ka, fara da shugabannin ƙungiyar kasuwarku da sarkin kasuwa, don murya goma ta fi ɗaya nauyi a ofis. In abin ya faskara, rubuta koke ga shugaban ƙaramar hukuma, ka riƙe kwafi. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, ba a biyan ko kwabo, akwai kuma hukumar ba marasa hali lauya kyauta da aka kafa a 1976. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ma sun tanadi ofishi na musamman don sauraron koken masu biyan haraji.

Jama'a, wanda ya san ana bin sa, kada ya jira babur ya tsaya a ƙofarsa. Lokacin da amfanin gona ke hannu, ya taka zuwa sashen kuɗin shiga na sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ya ce a buɗe littafi a rubuta masa abin da ake bin sa. Ya biya abin da ya sawwaƙa, a rubuta yadda zai cika sauran, ya karɓi rasit mai lamba da hatimi, ya adana shi inda yake adana takardar gonarsa.