Ganuwar Kano da Aka Daina Yi wa Yaɓe

Ɗan Adar da ya taso daga Madawa ko Buza ya zo Kano cin rani, in ya ce wa mai a-daidaita-sahu ya kai shi Ƙofar Na'isa, zai kai shi. Sai dai ƙofar da zai gani ba ita ce wadda fatake suka riƙa ratsawa da jakunansu ba. Waccan an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina ta siminti a madadinta.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A 1903, sai da sojojin Ingila suka sa igwa kafin su shiga birnin. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, amma yau a wurare da dama shaguna da gidajen mai ne a gurbinta.

An fi ɗora laifin kan katafila, ni kuwa ina ganin ajalin ya riga ta zuwa. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Keita ya san haka. Kowace damina ruwa na zaftare bango, in rani ya yi a kwaɓa ƙasa da ciyawa a mayar. Da can sarki ke sa a fito aikin gayya. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu. Sai ruwa ya ci nasa, masu neman ƙasar gini suka kwashi nasu, masu rabon filaye suka ƙarasa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar, waɗanda ke shanye ruwan sama, su ma an cike da yawansu an yi gini a kai, shi ya sa ruwa kan rasa mafaka sai ɗakunan mutane.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda baƙin cikinmu yake zaɓe. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shataletalen gidan gwamnati, wanda aka gina don cikar jihar Kano shekara 50 a 2017. Gari ya ɗauka, Facebook ya cika da hotuna, har aka sake gina wani. Badala, wato ganuwar, mai shekara ɗaruruwa kuwa kullum gutsurarta ake yi da shebur, ba mai cewa uffan.

Dattawan da suka yi wasan ƙuruciya a kanta suna nan a unguwannin cikin birni, haka ma zuriyar sarakunan ƙofa. Su suka san inda katangar ta karkata da inda ake sa gadi da dare, kuma yawancinsu sun haura saba'in.