Dangin Ƙwayoyin Gado Masu Karya Dafi a Jikin Sauro

Sauron da aka fesa wa magani bai mutu ba, sau da yawa ba maganin ne ya lalace ba. Jikin sauron ne ya karya dafin kafin ya kai ga jijiyoyinsa. Masu yin wannan aiki wasu sinadarai ne da ake kira inzayim, kuma kowane inzayim yana da ƙwayar gadon da ke ba da umurnin ƙera shi. Ƙwayoyin gadon da suka fito daga tushe guda, suka yi ta kwafuwa suna sauya kama, su ne masana ke kira dangi. Kalmar ta dace, domin akwai kamanni tsakaninsu, amma kowa da sana'arsa.

Manyan dangogin uku ne: P450, da GST, da estaras. Na farko yana liƙa wa dafi iskar oksijin, na biyu yana ɗaura masa wani sinadari don ya narke cikin ruwa a fitar da shi, na uku kuwa yana datse shi ko ya riƙe shi. Da aka karanta dukkan ƙwayoyin gadon Anopheles gambiae, babban mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka, a shekarar 2002, an tarar yana da P450 fiye da 100, da estaras wajen 50, da GST wajen 30. Ƙudan zuma P450 46 ne da shi. Ƙwarƙwata, wadda jinin mutum kaɗai take sha, ba ta kai 40 ba.

Waɗannan dangogi sun girmi maganin ƙwari nesa ba kusa ba. Tsire-tsire sun daɗe suna kare kansu da guba, tsutsar sauro kuma tana girma ne cikin ruwan da ruɓaɓɓen ganye da ƙazanta suka jiƙa. Wato maganin feshi ya iske sauro da makaminsa a hannu. Abin da feshi da gidan sauro mai magani suka yi shi ne tankaɗe: raunana suka mutu, waɗanda jikinsu ke ƙera inzayim da yawa suka rayu suka hayayyafa. Ta haka CYP6P3 da CYP6M2, ƴan dangin P450, suka zama sanannu wajen karya firetiroyid, maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, GSTe2 kuma wajen karya DDT.

Wannan sani ya yi rana. Akwai sinadari mai suna PBO wanda shi kansa ba ya kashe sauro, sai dai ya ɗaure hannun P450 har maganin ya gama aikinsa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gidan sauro mai haɗe da PBO, kuma gwajin da aka yi a gundumar Muleba ta Tanzaniya ya nuna raguwar cutar ga yara inda aka raba shi. Amma ƙarfinsa a kan dangin P450 yake. Bai hana GST aikinsa ba.