Aboabo: Zangon Da Ya Zama Gari

A bakin fataken da, zango wuri ne da ayari kan sauke kaya a kwana ɗaya ko biyu, jakuna su sha ruwa, a ɗinke mangalar da ta yage, gari na wayewa madugu ya ce a ɗaura. Ba a gina soro a zango, ba a kuma dasa itace. To, amma a nan Kumasi kalmar ta zauna da gindinta. Yau in an ce Zongo ana nufin unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Akwatia Line da Sawaba, inda za ka tarar da magidancin da aka binne cibiyar ubansa a gidan da shi ma yake zaune da iyalinsa. Sai dai abin da za a duba shi ne, mutane sun daɗe da zama 'yan gari, amma lungunan da suke ciki har yanzu suna kama da masaukin wanda zai tashi gobe.

Goro ne ya fara jawo kakanninmu wannan ƙasa. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da sauran biranen Hausa da kanwa da jar fata da baƙaƙen tufafin rini da gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi har su sauka Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Tafiya ce ta watanni. A can Tonawa, watau mutanen Asante, ke kawo goro daga kurmi a yi ciniki. Sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su kutso cikin kurmi ba, ko da yake tun kafin 1820 akwai malamai Musulmi a Kumasi da ke yi wa fada rubutu da addu'a. Abin ya sake ne bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, sa'an nan yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwar. Fatake suka bazu Karachi da Kintampo da Atebubu. Da Turawa suka kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai ƙofar Kumasi ta buɗe. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Cikin waɗanda suka ci ribar wannan sabuwar hanya har da Alhasan Ɗantata, wanda daga baya ya zama babban attajirin Kano.

Bayan goro sai koko. Gonakin koko na bukatar hannu, saboda haka Mosawa da Dagwambawa da Gurunsawa da Frafra da Busanga da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa suka yi ta kwararowa. Wanda ya tara ɗan jari sai ya bar gona ya shigo gari. Tsohon zango ya cika ya batse, aka yi ta fita gefe, Aboabo na cikin wuraren da suka ɗauki wannan ambaliya ta mutane. Wannan ne ya sa kuskure ne a ce duk ɗan Aboabo Bahaushe ne. Hausa harshen ciniki ne da maƙwabtaka da wa'azi, amma a gida ɗaya sai ka ji yare huɗu ko biyar, yaran kuwa su fita waje su juya Tuwi kamar 'ya'yan Manhyia. Ba'amurkiyar nan Enid Schildkrout, wadda ta zauna cikin Mosawan Kumasi, littafi guda ta rubuta a 1978 a kan yadda jikokin baƙi ke zama 'yan Zongo kafin su zama 'yan ƙabilar kakanninsu.

Abin da ya riƙe cinikin nan tun farko ba banki ba ne, maigida ne. Baƙo ya zo da shanu ko albasa, ko ya zo sayen goro, sai ya sauka gidan maigidansa. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in kuma mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ne ke tsayawa. Ba takarda, ba sa hannu, sai la'ada da mutunci. Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari da mahautan Kumasi a 1966, kuma duk da wayar salula da aika kuɗi ta waya, gindin abin bai kau ba. Ɗan kasuwar da ya loda albasa daga Galmi a Jamhuriyar Nijar har yau yana bukatar wanda ya san shi a Kumasi. Mun ga muhimmancin wannan hanya a 2023, lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyakoki: motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya ya ruɓe, kowace uwargida a Kumasi ta ji a cefanenta.

Shiga cikin Aboabo da safe ka ga sana'a iri-iri. Ga masu koko da ƙosai, ga masu wake da shinkafa, wanda duk Gana ta karɓa da sunan waakye ba tare da yawancin masu ci sun san kalmar Hausa ce ba. Ga tuwon zafi, ga fura, ga masu tsire da yamma. Ga teloli masu aikin wuyan riga, ga 'yan canji da ke juya sidi da naira da sefa, ga matasa masu keken haya mai ƙafa uku da masu aboboya da ke kwashe shara da kaya. A 2023 hukumar birnin Kumasi ta hana masu keken fasinja shiga tsakiyar gari, aka yi ta kai ruwa rana, don kuwa samarin unguwannin nan da yawa da shi suke ci. Ga kuma 'yan matan arewa masu dako da kwano a ka, waɗanda ake kira kayaye, da ke kwana cunkushe a ɗaki guda su yi sammako zuwa Kejetia.

Sana'o'i biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce zubin tukwane. Masu yawo gida gida suna sayen tsofaffin ƙarafa su kan ware alminiyam, maƙera su narka shi, su zuba a cikin ƙirar yashi, sai ga tukunyar biki wadda Tonawa ke kira dadesen. Abin da gari ya zubar, shi ake mayar masa a matsayin kayan girki, kuma da wuya ka shiga gidan abinci ko makarantar kwana a ƙasar Asante ba ka ga irinta a kan murhu ba. Amma hayaƙin yana shiga ƙirjin maƙeri da na yaran maƙwabta, kuma ba kowane ƙarfe ne ya kamata ya shiga tukunyar da za a ci abinci a ciki ba.

Ta biyu ita ce jima. Majeman Aboabo na aiki kamar yadda ake yi a Kano da Sakkwato: a jiƙa fata, a tuge gashi, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a shanya, a rine, dukawa su saya su yi takalma da jaka da kube da rigar laya. Har daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah ake zuwa koyon yadda suke yi. Babbar kishiyar majemi a Gana kuwa ba wata ba ce illa tukunyar miya, domin ganda, wadda ake kira wele a nan, tana da kasuwa ƙwarai, mahauci kuma ya fi son wanda zai biya nan take. Ga takalman roba na waje masu araha. Ba kowane ɗan majemi ne ke son gadon ubansa ba yanzu.

Jima ba ta yiwuwa sai da ruwa, wannan kuwa ya kawo mu ga rafin da ke ɗauke da sunan unguwar. Rafin Aboabo ya taso ne daga arewacin gari, ya biyo ta Moshie Zongo, ya ratsa nan, ya wuce Anloga kafin ya haɗu da sauran rafuffukan da ke zuba a kogin Oda. Wanda ya leƙa shi daga kan gada yau ba zai so ya sa ƙafa ba. Leda da robar ruwa da ruwan kwata da dattin sana'a duk nan suke ƙarewa. Kumasi na da damina biyu a shekara, kuma duk sa'ad da sama ta yi da gaske, ruwa kan rasa hanya ya shiga ɗakunan mutanen da ke bakin rafi, musamman wajen Pelele. A nan dole a faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Hukuma ba ta wadata unguwar da magudanai da wurin zuba shara ba, amma hannun da ke jefa leda a kwalbati da dare ba daga Akra ya zo ba.

Tushen matsalar dai ƙasa ce. Filin Kumasi na kujerun sarautar Asante ne, a ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ke kan gado tun 1999. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da irin wannan fili baki ɗaya, sai dai haya ta shekaru, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce shekara 50. Dattawa ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka karyar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin mota. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya saurin zuba dukiya a gini. Gidan da aka gina don iyali ɗaya sai aka yi ta yanka shi ɗaki ɗaki, magada suka yi yawa, ba mai iya rushewa ya ɗora bene. Har wurin da ya kamata a yi ban ɗaki an mayar ɗakin haya, ga layi a bayan gidan gwamnati tun asuba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma mai neman ɗaki ya san shekara ɗaya ko biyu za a ce ya kawo. Rikicin filin maƙabarta da aka yi a Tafo a 2016, wanda ya kai ga dokar hana fita, ya nuna yadda maganar ƙasa ke da zafi ko ga mamaci.

An yi wasu yunƙuri. A 2012 aka cire Aboabo da maƙwabtanta daga hukumar birnin Kumasi aka sa su ƙarƙashin sabuwar hukumar Asokore Mampong, don a kawo mulki kusa. A 2017 majalisa ta kafa asusun raya Zongo, aka kuma yi ma'aikata ta musamman, wadda aka rushe a 2021. Mazaɓar Asawase na da ɗan majalisa, Alhaji Muntaka Mubarak, tun 2005, kuma a 2025 aka ba shi ministan cikin gida. Ƙuri'ar Zongo dai kowace jam'iyya na zawarcinta.

Abin da masu sana'a ke tsoro shi ne a ce gyara na nufin tashi. Sun ga yadda aka kwashe kafintocin Anloga aka kai su Sokoban don a yi hanya, kuma sun san filin da ke tsakanin fadar Manhyia da filin jirgin sama, wanda aka sabunta aka sa masa sunan Prempeh na ɗaya a 2024, ba zai daɗe yana araha ba. Majemi da maƙerin tukwane na bukatar fili da ruwa da magudana tasu dabam, a wurin da mai saye zai iya kaiwa, da takardar da ke nuna nasu ne na tsawon shekaru. In za a zauna wannan magana, a kira sarakunan ƙabilu da limamai da shugabannin sana'a da magajiyoyin kasuwa tun kafin a zana taswira, ba bayan an shafa jan fenti a bango ba.