Bugun da Ke Riƙe da Rediyo da Oba-oba

Duk wanda ya taɓa murɗa tsohon akwatin rediyo ya san cewa tasha takan zame. Za a kama ta tar da asuba, amma kafin hantsi murya ta fara shaƙewa, sai an sake taɓa maɓalli. Ba tashar ce ta gusa ba. A cikin akwatin akwai wani sashe da ke kaɗawa sau dubbai ko miliyoyi a kowace daƙiƙa, wanda za mu kira mabugi, kuma shi ne ya sauya taku saboda ɗumi. Yawan bugun da yake yi a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz. Wayar hannu, da oba-oba ta 'yan sintiri, da abin saurare na Bluetooth, kowannensu yana da nasa mabugin, kuma na'urori biyu ba za su ji juna ba sai takunsu ya zo ɗaya.

Mafi yawan mabugai a yau da dutsen kwaz ake yin su, wato irin ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa wannan dutse yakan fitar da lantarki. Daga baya aka tabbatar da akasin haka: idan aka sa masa lantarki yakan motsa. A 1921 Walter Cady na Amurka ya yi amfani da wannan hali ya ƙera mabugi. Ɗan ƙanƙanin kwaz da ke cikin agogon hannu na batir yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, wato bugu guda a kowace daƙiƙa.

Sai dai kuma dutse ma yana jin zafi da sanyi. Kwaz ɗin agogo an yanka shi ne don ya yi daidai a wajen digiri 25, kuma ko sama aka yi ko ƙasa, jinkiri yake yi. Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: a ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin wurin da digiri 25, a ninka ta da kanta, sannan a ninka da 0.034. Amsar ita ce kuskuren, a ma'aunin kashi cikin miliyan. A Kebbe ko Tambuwal, ranar da zafin Afrilu ya kai digiri 43, tazarar 18 ce, kuskuren kuwa kashi 11 cikin miliyan. Da zafin zai tsaya haka dare da rana, agogon zai riƙa yin asarar kusan daƙiƙa ɗaya a kullum. A daren hunturu mai digiri 15 asarar ba ta kai rabin haka ba. Na'urar da aka kulle cikin akwatin ƙarfe a rana kuwa, har cikinsa ya kai digiri 55, kuskurenta ya haura kashi 30.

Mai agogo ba zai damu da daƙiƙa ɗaya ba, amma ga mai oba-oba lamarin daban yake. Kwaz ɗin rediyo wani yanka ne na daban mai ƙarin juriya, duk da haka shi ma yana zamewa. Mu ɗauki oba-oba mai aiki a kan megahaz 450. Kuskuren kashi 10 cikin miliyan a nan yana nufin haz 4,500, alhali faɗin layin da ake magana a kai sau da yawa haz 12,500 ne kacal. Idan ta wannan ƙauye ta zame sama, ta wancan ta zame ƙasa, ratar ta zama haz 9,000, sai murya ta dagule ko ta ɓace. A yankin da jama'a ke dogara da irin waɗannan na'urori don sanar da juna haɗari cikin dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ta fi tsanani ga ƙananan na'urori masu tsimin batir, kamar masu aika rahoton sanyin firjin allurar rigakafi. Irin waɗannan barci suke yi mafi yawan lokaci, su farka a ƙayyadadden lokaci su aika saƙo ko su saurara. Idan na'ura tana barcin minti 10, kuma mabuginta mai araha ne wanda ke kuskuren kashi 1 cikin 100, za ta iya saɓa alƙawari da daƙiƙa 6. Dole ke nan ta farka da wuri ta zauna jira, jiran nan kuwa shi ke cinye batir.

Maganin shi ne saiti, wato gwada mabugi da wani wanda ya fi shi aminci, sannan a gyara bambancin. Na'urar takan tayar da kwaz ɗinta mai sauri na ɗan lokaci, ta ƙirga bugunsa nawa ne suka shiga cikin bugun mai arahar, ta gyara lissafinta, ta sake kashe shi. Wasu kuma an haɗa musu ma'aunin zafi, suna gyara kansu yayin da rana ke ɗagawa. Wayar GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, tana saita kanta ne da siginar turken sadarwa, har kuskurenta bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma ba. Ƙarshen silsilar yana ga agogon atom: tun 1967 aka ayyana daƙiƙa da kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin siziyam.

A matsayina na malamin ilmin halittu, abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kifin da masunta ke kira ɗansarki ko yauni, mai dogon jiki da siririyar wutsiya, wanda ake samu a kogunan Afirka ta Yamma. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya bayyana cewa wutsiyar wannan kifi tana fitar da lantarki mara ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, kimanin sau 300 a daƙiƙa, kuma bincikensa na baya ya nuna da shi yake gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai laka. Mabuginsa wani gungun ƙwayoyin jijiya ne a ƙwaƙwalwa, kuma takunsa yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Abin mamaki, idan kifaye biyu masu taku kusan ɗaya suka haɗu, wanda ke sama yakan ƙara hawa, na ƙasa ya ƙara sauka, don kada su rikita juna. Oba-oba neman haɗuwa take yi, kifi kuwa neman rabuwa, amma dukansu sai sun auna kansu da na maƙwabci.

Malaman kimiyya a makarantun sakandare za su iya gwada wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. A samo agogon batir guda biyu masu nuna daƙiƙa, a saita su da agogon wayar hannu mai karɓar lokaci daga turke. A ajiye ɗaya a inuwa kusa da randa, ɗayan a ƙarƙashin rufin kwano. Kowace safiya ɗalibai su rubuta bambancin har mako uku. Amma kafin a raba su, a fara ajiye su wuri ɗaya na mako guda, domin kowane kwaz yana da nasa kuskuren na asali tun daga masana'anta, kuma sai an cire shi kafin a ga aikin zafi.