Ko Ka Sani? Raɓa Ce Babbar Abokiyar Gabar Ma'aunin Injin Feƙe Ƙarfe

Ko ka san lambobin da ke jikin hannun injin feƙe ƙarfe ba tafiyar wuƙa suke faɗa maka ba? Juyawar sukuru kawai suke ƙirgawa. Idan sukurun ya cinye, ya yi lako-lako cikin notinsa, sai ka murɗa hannu lambobi su wuce, wuƙa kuwa ko gezau. Don maganin wannan aka yi na'urar da ake kira DRO: sandar awo da ake ɗaurewa a jikin injin, da ɗan kai mai karanta ta yana bin tebur duk inda ya nufa, sai allo mai nuna lambobi. Ba ruwanta da sukuru, tafiyar teburin take aunawa, kuma ko masu araha suna gane motsin milimita 0.005.

A Ingila akwai mutane da dama, galibi dattawan da suka yi ritaya, da ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa da injinan tururi don sha'awa. Da yawansu na aiki da tsohon injin feƙe ƙarfe Myford ML7, wanda aka fara fitarwa a 1946 daga Beeston kusa da Nottingham. Injin na zaune ne a gareji ko ɗan ɗakin katako a bayan gida, inda ba ɗumi sai sanyi da laima. A irin wannan wuri ake gane sandar awo ta ƙwarai.

Sandunan iri-iri ne. Ta gilashi an zana mata layuka siri-siri, yawanci 50 a kowace milimita, haske yana ratsawa, idon na'ura yana ƙirga su. Ga daidaito, amma ɗigon mai ko dishi-dishin ruwa a kan gilashin ya isa ya sa ta tsallake lissafi. Abin da ya fi ban tsoro shi ne allon ba lallai ya mutu ba. Zai ci gaba da nuna lamba, maƙeri ya yarda da ita, sai ya gama aiki ya tarar ya ɓata ƙarfe. Akwai mai araha da ke aiki irin na kalifa mai batir, wato ma'aunin kauri na hannu, ita kam da ta ji danshi sai lambobi su hau rawa. Ta maganaɗisu ba ta damu da mai ko ruwa ba, kuma ana yanka ta daidai tsawon da ake so, sai dai garin ƙarfe kan liƙe mata. Kamfanin Newall na Leicester ya bi wata hanya daban: bututun ƙarfe mara tsatsa cike da ƙwallayen ƙarfe irin na boris, a liƙe ruf. Shaidarsa IP67 ce, wato ƙura ba ta shiga, kuma yana jure minti 30 cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya. Sandunan gilashi da yawa IP53 suke, ba su wuce jure yayyafi ba.

To amma a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo, daga ina ruwan yake zuwa? Daga iska. Injin zubin ƙarfe ne mai nauyi, idan ya kwana cikin sanyi yakan daɗe bai yi ɗumi ba. Gari na wayewa, iska mai ɗumi da laima ta shigo ta taɓa shi, sai ya yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Raɓar nan ba ta tsaya a waje ba, har cikin kwanson sandar take taruwa, da bakin fulogi, da cikin allon, inda take cin wayoyi a hankali. Wanda ya kunna hita ta kananzir ko gas mara bututun hayaƙi don ya ji ɗumi ya ƙara wa Barno dawaki, domin litar kananzir guda idan ta ƙone tana sakin ruwa kusan lita guda a iska. Dabarar da ta fi aiki ita ce kada a bar ƙarfen ya fi iska sanyi: a lulluɓe injin da bargo ko zane mai kauri, a sa 'yar hita ta lantarki mai ƙaramin ƙarfi a ƙarƙashi, nesa da zanen. Leda kuwa tsare danshi take yi. A ganina kuɗin da za a kashe wa na'urar tsotse laima ya fi amfani a kan sayen sanda mai tsada a bar ta cikin raɓa.

Wajen ɗaurawa, bakin sandar mai leɓen roba ƙasa zai kalla, ko ya ba wa inda ruwan sanyaya wuƙa ke fantsama baya. A yi mata rumfa da alminiyam. A bi ta da agogon awo daga wannan ƙarshe zuwa wancan har ta daidaita da tafiyar tebur, domin idan ta karkace, kan mai karantawa zai riƙa gogar ta. Sandar ta ɗan fi tafiyar teburin tsawo, in ba haka ba ranar da aka murɗa hannu har ƙarshe gilashin zai fashe. Wayar kuma a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa da kan, yadda mai da ruwan da suka biyo ta za su ɗige a ƙasa kafin su kai gare shi.

Maƙeranmu da ke aiki da irin waɗannan injina suna da nasu nau'in matsalar: laimar watan Agusta, sannan ƙurar hunturu, wadda idan ta haɗu da mai sai ta zama ƙullu mai cinye leɓen robar. Ga kuma wutar da ke hawa da sauka. A nan sandar maganaɗisu mai murfi ta fi dacewa, allon kuma a haɗa shi da sitabilaiza da wayar da ta shiga ƙasa sosai.