Abin Da Ke Kawo Ciwon Kai Wajen Kallon Silima Mai Zurfi

Akwai wani irin silima wanda Turawa ke kira 3D, watau hoto mai zurfi. Mai kallo ya kan sa wani tabarau, sai ya ga kamar abin da ke jikin allon ya fito zai taɓa shi. Waɗansu kuwa su kan tashi da ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya. An rubuta wannan bayani domin hakimai da malamansu su sami amsar da za su bayar in an tambaye su, kada a ɗora abin a kan iskoki.

Tsakanin idanun mutum akwai kamar inci biyu da rabi, don haka abin da na dama ke gani ya ɗan bambanta da na hagu. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta gane kusa da nesa. Masu wannan silima su kan nuna hoto biyu tare, tabarau ya raba wa kowane ido nasa.

To, ga inda wahalar ta ke. Duk sa'ad da mutum ya dubi abu, idanu su kan yi aiki biyu: su karkato su haɗu a kansa, kowanne kuma ya daidaita ganinsa da nisan abin. Tun muna jarirai ayyukan nan tare su ke tafiya. Amma a gaban allon an raba su. Gani yana can jikin allo, alhali idanu suna bin zakin da ya yi kamar yana gaban hanci. In aka yi sa'a biyu haka, ba mamaki su gaji. Tabarau kuma yana rage haske.

Ƙorafin ba sabo ba ne. A 1952 aka nuna fim ɗin Bwana Devil a Amurka, labarin zakokin da suka cinye ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa a Kenya. Zamanin nan injin majigi biyu a ke kunnawa tare, ɗaya na ɗan riga ɗaya sai kan 'yan kallo ya ɗauki ciwo. Kafin ƙarshen 1954 kasuwar ta faɗi. Da ta farfaɗo da fim ɗin Avatar a 2009 injuna sun gyaru, amma idon ɗan Adam yana nan yadda ya ke.

Ciwon ya kan wuce da hutu. Wanda ya ji alamarsa ya cire tabarau, ya rufe ido ɗan lokaci, ya kuma guji zama kusa da allo.

Abu ɗaya ne ba a so a yi sakaci da shi. In yaro ya ce shi bai ga zurfin ba sam, ko yana ganin abu biyu-biyu, mai yiwuwa yana da harara-garke ko ido ɗaya mai rauni. Lalle hakimai su gaya wa iyaye su kai shi ga likitan ido tun yana ƙarami, gama gyaran ya fi kamawa kafin ya kai shekara bakwai ko takwas.